Ranar Da Na Yi Wa Kifi Taki

Wallahi ba za ku yarda ba. Ni kaina da abin ya faɗa wa, in wani ya kawo mani shi a majalisa sai na ce ya je ya zo da shaidu biyu masu gemu. Amma ku tsayar da kowa a Kurfi ku ce ina labarin Injiniya Maniru da kifayen Alhaji Badaruddeen. In bai riƙe ciki ba, ku dawo ku kira ni maƙaryaci. Ai ba yau aka fara ba.

Ni ne Maniru. Injiniyan kuwa ni na naɗa wa kaina, don na lura in na tsaya jiran wani ya naɗa mani, furfura za ta riga shi zuwa. Karatuna ya tsaya a aji biyar na sakandare, ranar da malamin lissafi ya buɗe jakarsa ya tarar da ƙadangare jan gwada yana gyaɗa mashi kai. Ban ce ni na saka ba, amma ajin kaf ni aka juyo ana kallo. Daga nan na koma rumfar cajin waya ta yayana, nan kusa da ƙofar jami'a a Dutsin-Ma. To mutumin da wayoyin ɗalibai talatin ke wuni a hannunsa, me ya rage mashi na ilimi? Duk abin da suke karantawa ta soket ɗina yake bi.

A rumfar nan na haɗu da Hamdiyya, ɗiyar Alhaji Badaruddeen mai hatsi na Kurfi. Ta kawo caji, na caza mata waya, na caza mata kunne. Bayan wata huɗu ina zarya a hanyar Kurfi, sai Alhaji ya aiko yana son ganina.

Na same shi a sabon falonsa. Kujeru ko ledarsu ba a cire ba. A ƙasa ga wani jan kafet da ya zo da shi daga Makka, mai laushin da sai da na ji kunyar ƙafata.

Ya ce, "Yaro, mece ce sana'arka?"

In na ce caji, magana ta mutu. Allah da ikonsa, da safiyar ranar na leƙa wayar wani ɗalibi na ga bidiyon wani mutum yana shirya lambu a cikin akwatin gilashi cike da ruwa: ƙasa a ƙasa, ciyayi kore shar, jajayen kifaye suna shawagi kamar 'ya'yan gwamna. Minti uku na kalla mai wayar ya zo ya karɓi abarsa.

Na gyara zama. "Ranka ya daɗe, ni injiniyan lambun cikin ruwa ne."

"Noman rani ke nan?"

"A'a, Alhaji, wannan na falo ne. Akwatin gilashi, a yi shuka a ciki, a saki kifin ado. A jami'a na karanta. Mu uku ne a duk Arewa. Ɗaya ya rasu, ɗaya yana Dubai."

Idon Alhaji ya yi haske. "Kai! Na ga irinsa a masaukinmu a Jidda. Na tsaya kallo har mota ta kusa tafiya ta bar ni." Ya nuna bangon da ke fuskantar ƙofa. "Nan za ka yi mani shi. Nan da sati biyu ka turo magabatanka. Su zo su tarar da aikin hannunka, ni ma in nuna wa 'yan'uwana irin wanda zan ba ɗiyata. In ya yi, na ba ka. In bai yi ba, ka san hanyar Dutsin-Ma."

Da na fito, Hamdiyya na tsaye a zaure ta harɗe hannu. Ashe duk ta ji.

"Maniru, yaushe ka zama injiniyan kifi? Kai da ko kifin miya sai an cire maka ƙaya?"

"Ke dai ki fara neman mai lalle."

"In ka kunyata ni gaban Baba, wallahi ko a hanya ka hango ni ka canza layi."

Washegari na tafi wurin Yazid mai gilashi, wanda ke yi wa masu tsire da masu burodi akwatin talla. Na auna mashi da hannu, taku shida a tsawo, uku a faɗi.

Ya ce, "Rago guda za a gasa a ciki?"

"Ruwa za a zuba."

Ya ajiye abin yankansa ya dube ni. "Injiniya, akwatina ƙuda ma da ƙyar yake tsarewa. Na ruwa sai gilashi mai kauri, da wani gam da sai Kano."

"Yazid, kai ka yi yanka, ni in yi ilimi. Kawo fotin taga."

Muka liƙe shi da foti, na bi bayansa da gam ɗin takalmi, na ƙara da salatif a kusurwoyi don ƙarin ƙarfi. Muka ɗora a a-kori-kura sai Kurfi. Mutum huɗu suka kama mani muka shiga da shi gida a kafaɗa. Gogo, mahaifiyar Alhaji, tana zaune a tsakar gida tana tsintar wake, ta ɗaga kai ta yi salati.

"Wa ya rasu?"

"Gidan kifi ne, Gogo."

"Kifi ya samu gida da gilashi, ni ɗakina na yoyo. Allah ya kyauta."

Saura shuka. A bidiyo na ga mutumin ya fara zuba baƙar ƙasa. To ni ɗan manomi ne, jikan manomi. Kowa ya san shuka ba taki yaudarar iri ce. Na hau babur na tafi Karofi gidan kawuna Mahmuda, na tarar yana gona, na shiga turken awakinsa na cika buhu da kashinsu, na leƙa rumbu na ɗebi kwano biyu na takin zamani, kamfa. Aro ne, sai dai mai abin bai sani ba. Na shimfiɗa kashin awaki a ƙasan akwati, na barbaɗa kamfa, na rufe da yashi. Daga dam ɗin Zobe na kwaso kainuwa da bado. Da na ga wuri bai cika ba, na ƙara da dashen albasa da shinkafa da alayyahu, don in kifi ya gaji da kallo ya samu na miya. 'Yan ga-ruwa suka yi ta juye jarka har ya cika maƙil.

Daga baya na ji an ce ana barin ruwan ya yi makonni kafin a saki kifi a ciki. Wannan yana cikin minti na huɗu na bidiyon, wanda ban kai ba.

A ranar direban Alhaji ya dawo daga Kano da jajayen kifaye shida a cikin leda, da wani ɗan inji mai hura iska. Na juye su. Sai na tuna a bidiyon akwai wani kifi mai gashin baki da ke bin ƙasa yana share datti. Na koma Zobe wurin masunta na zaɓo tarwaɗa matashiya, mai gashin baki kamar na tsohon soja. Na gabatar da ita ga Alhaji a matsayin 'yar shara.

Ranar farko, jama'a, ku zo ku ga kyau. Maƙwabta suka yi layi har waje. Alhaji ya sa aka juya kujerarsa ta bar kallon talabijin. Ni kuwa ina tsaye hannu a baya ina amsa tambayoyi.

Wani dattijo ya ce, "Injiniya, ba sa nitsewa?"

"Mun yi masu allura, Baba."

Matsala ta fara daga Gogo. Rana ta biyu na shigo na same ta tana gutsura tuwon dawa tana jefawa a ciki.

"Gogo! Abincinsu na musamman ne. Ɗan tsunkule ake ba su, sau ɗaya a rana."

"Ɗan tsunkule? Bayin Allah sun taho tun daga Kano, baƙi a gidan ɗana, a ce ɗan tsunkule? Gidan Badaru ba a yi wa baƙo rowa. Matsa in zuba masu hura su kora."

Ta kuwa zuba. Da rana ta kawo ɗumame, da la'asar ta kawo dambu. Matan unguwa da suka ji labari, kowace ta zo gaida baƙi ba ta zuwa hannu rabbana.

Kwana uku ruwa ya koma kamar kunun kanwa. Kwana biyar ya zama miyar kuka. Albasa ta ruɓe, alayyahu ya narke, kainuwa kuwa, dashen Allah, ta ji taki ta haukace ta rufe saman ruwa har tana leƙowa waje. Sauro suka buɗe reshe. Wuta kuma aka ɗauke, ɗan injin iskar Kano ya yi shiru kamar an yi mashi rasuwa. Wari kuwa, tun daga zaure yake tarbar baƙi kafin mai gida. Hajiya, uwar Hamdiyya, ta ƙarar da turaren wutarta kaf, sai abin ya koma kamar akuya ta shafa turare.

Alhaji ya toshe hanci da bakin rawani. "Injiniya, wannan warin fa?"

"Alhamdu lillahi! Alhaji, shi muke jira. Sinadari ne ya kama. In bai yi wari ba ai aikin ya lalace."

"A Jidda ban ji wari ba."

"Nasu ya tsufa ne, ranka ya daɗe. Da ka je satin farko da ba ka kwana a masaukin ba."

"To kifayen fa? Na kwana biyu ban ga ja ba."

"Suna cikin lambu. Kulle suke, kamar amare. Ranar taro za su fito."

Da falo ya zama ba kowa, na naɗe hannun riga na zura hannu ina lalube. Na bi gabas, na bi yamma. Abu ɗaya na taɓo, mai santsi, mai kauri kamar damtsen ɗan dambe. Tarwaɗa ce. 'Yar shara ta share datti, ta share tuwon Gogo, ta share masu gidan su shida. Ta ɗago kai ta dube ni tana kaɗa gashin baki, ko kunya babu.

Da wani ne, da tuni ya gudu. Amma ni Maniru, a kan kifi shida zan bar Hamdiyya?

Ranar taro da hantsi na ga Gogo ta baza jajayen tattasai a faranti za a yi wa baƙi miya. Na zaɓi shida dogaye masu lanƙwasa na sa a aljihu. Na zana wa kowane ido da baƙin alƙalamin maka, na tsaga gindinsa ya zama wutsiya, na ɗaure da zaren ɗinki a jikin tsakuwa na nitsar. Suka tsaya a tsakiyar ruwa cak. A cikin wannan koren duhu, wallahi ko uwar kifi sai ta rantse 'ya'yanta ne. Abu ɗaya ya rage: ba sa motsi.

Na leƙa ta taga, sai ga mai faci a tsallaken layi da injin busa tayarsa. Na je muka yi magana. Ya haɗa tiyo biyu, muka zuro ta taga ta bayan labule, na cusa bakin a ƙarƙashin yashi na danne da dutse.

Na ce mashi, "Ka zauna a gindin taga. In ka ji na yi tari, ka buɗe iska kaɗan. In na sake tari, ka ƙara kaɗan. Ka gane?"

"Tari ɗaya, ƙari ɗaya. An gama, Injiniya."

Bayan Azahar magabatana suka iso, Kawu Mahmuda a gaba da babbar rigar Sallarsa, dattawa biyu a bayansa ɗauke da goro da alawa. Ɓangaren Alhaji ga ƙannensa, ga limamin unguwa. A al'ada bai kamata mai neman aure ya zauna a wurin ba, amma Alhaji ya ce dole injiniya ya buɗe aikinsa da hannunsa. Na lulluɓe akwatin da zanen gado na tsaya a gefe.

Kawu na zama ya ɗaga hanci sama ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Alhaji, awaki kake kiwo a falo?"

"Sinadari ne, Malam Mahmuda."

"Ikon Allah. Sai na ji kamar na san warin nan."

Na yi sauri na yaye zanen. Dattawa suka matso suna ƙanƙance ido.

Ƙanen Alhaji ya ce, "Ga ja can! Ga wani!"

"Masha Allah," in ji liman. Ya ƙara matsowa. "Amma kamar ba sa motsi."

"Kunya ce, Allah gafarta Malam. Sun ga manya."

Na juya baya na yi tari, ƙyaf. Sai ga kumfa na tasowa daga ƙasa, bul-bul-bul. Tattasai suka fara rausaya, wannan ya yi dama, wancan ya yi hagu. Falo ya ɗauki kabbara. Alhaji ya baje a kujera yana shafa gemu.

"Kun ga aikin ilimi. Wannan yaro su uku ne a duk Arewa."

A daidai nan na hango Hamdiyya ta ɗan ɗaga labulen ƙofar cikin gida tana murmushi. Wallahi har na fara tunanin sunan ɗanmu na fari.

Abin da ban lissafa ba shi ne, iskar nan daga ƙarƙashin yashi take fitowa, inda kashin awakin Kawu ya yi sati biyu yana jiƙa da tuwo da fura. Kumfar farko da ta fashe a sama ta saki abin da ke cikinta. Liman ne ya fi kusa. Ya ja baya ya yi tari.

Na ji injin mai faci ya ƙara murya.

Kawu ya yi tari. Inji ya ƙara. Ƙanen Alhaji ya sarƙe, ya jero uku a jere. Mai faci mutum ne mai amana, ya ƙara uku a jere. Ruwa ya fara tafasa kamar tukunyar gidan biki, baƙin taɓo na tashi, kainuwa na tsalle tana manne wa silin.

Na yi ihu, "Jama'a, don Allah kowa ya daina tari!"

Ina! Wa zai iya? Dattawa takwas, kowa ya kama ƙirji, falo ya zama kamar asibitin masu fuka. Na ruga taga in tsayar da mai faci, na buɗe baki, warin ya shige mani maƙogwaro, ni ma na kece da tari mafi ƙarfi a cikinsu. Shi kuwa da ya gane muryata ce, sai ya buɗe inji gaba ɗaya.

Na fara jin ƙas. Sai ƙas-ƙas. Salatif ya ɗaga hannu, foti ya yi sallama. Gilashin gaba ya kwanta a hankali kamar mai gaida sarki, sannan jarka goma sha biyu ta ruwan taki ta fito gaida baƙi.

Ban san dattawa na da gudu haka ba. Liman ya haye kujera da carbinsa. Ƙannen Alhaji suka haɗu a ƙofa suka cushe, ba mai fita ba mai komawa. Goron neman aurena ya tashi yana iyo, alawa na bin sa a baya. Jan kafet ɗin Makka ya sha ya ƙoshi ya koma kalar fadama. Tarwaɗa kuwa ta biyo igiyar ruwa ta faɗa cikin babbar rigar Alhaji ta ƙasa, Alhaji ya miƙe yana wata rawa da ban taɓa zaton attajirin hatsi ya iya ba.

Sai mai faci ya leƙo da kai ta taga. "Injiniya, a ƙara?"

Ruwa na ta ɗiga daga silin.

Gogo ta shigo tana tattare zane. Ta sunkuya ta ɗauki wani jan abu da ya tsaya a gefen ƙafarta, ta kai shi kusa da ido, ta juya shi.

"Tattasaina! Tun hantsi nake zagin kaji. La ilaha, har da ido aka yi mashi!"

Kawu Mahmuda ma ya tsugunna ya tsinci wani ɗan baƙin ƙwallo ya murza a yatsa ya shinshina. "Na faɗa maku na san warin nan. Awakina ne. Sati biyu ina zargin maƙwabcina, har mun daina gaisawa."

Alhaji ya samu ya zaro tarwaɗar ta wuyan riga ya riƙe ta tana fisge-fisge. Muryarsa a sanyaye, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. "Malam Mahmuda, abin da ake koya masu a jami'ar ke nan?"

"Wace jami'a?"

"Wadda ya gama."

"Wa? Maniru? Alhaji, wannan da aka koro daga aji biyar saboda ƙadangare? Caji yake yi a bakin titi. Ni na ɗauka ka sani, har ina ce wa mutane Alhaji mutum ne mai tawali'u."

Na fara ja da baya ina neman ƙofa. Takalmina ɗaya ya riga ni fita, ruwa ya tafi da shi. Ban kai ko'ina ba na ji yatsun Kawu a kunnena, yatsun da suka shekara hamsin suna riƙe garma.

Alhaji ya ɗaga murya. "Hamdiyya! Kin san wannan?"

Daga bayan labule aka amsa, "Baba, caji kawai nake kai mashi."

Ko gilashin bai yanke ni haka ba.

Alhaji ya miƙa wa Gogo tarwaɗar ya ce a yi wa liman farfesu a ba shi haƙuri. Ya juyo ga magabatana. "Ku tsince goronku, in ya bushe ku ci a hanya. Shi kuwa injiniya ba inda za shi. Kafet ɗin nan zai naɗe ya ɗora a kai, ya kai shi rafi da ƙafa, ya wanke har sai na shinshina na ji Makka. In ya gama, gonata ta Birchi na jiran taki, jakuna biyu da mangala na nan, ba mai kora su. Tunda hannunsa na da albarkar taki, damina ta same shi a can."

Kawu ya ce, "In ya gama naka, Alhaji, ka turo mani shi. Akwai maƙwabcin da zai je ya durƙusa wa."

Mutum uku suka kama suka ɗora mani kafet ɗin a kai. Ku tuna ya sha ruwa, nauyinsa ya fi buhun gero biyu, yana zubo mani da romon awaki ta wuya har cikin wando. Ranar kuma ta dace da cin kasuwar Kurfi, hanyar rafi kuwa ta tsakiyarta ta bi. Na fito ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ganyen kainuwa a kunne, Kawu na biye da ni da sanda.

Mai shayin bakin kasuwa ya hango ni ya miƙe tsaye. "A'a! Injiniya, ina zuwa haka da kaya?"

Na gyara kafet a kaina, na share ruwan da ke shigar mani ido.

"Kwangila na samu. Matsa mani hanya, ma'aikatana biyu na jirana a Birchi."